Turmi a Bakin Ƙofa

Ɗakin bai fi faɗin tabarmar salla biyu ba. In ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwa, dama da hagu duk sai ka taɓa bango, bangon kuma laushi gare shi kamar bayan tunkiya. A cikin ɗakin ajiyar hatsi aka gina shi, can ƙuryar gidan Gwaggona a Dutsin-Ma, bayan madafa, jikin garken awaki. Domina aka gina shi. Ni na riƙa miƙa ƙusa, ina murna.

Bara ne, shekarar da na gama sakandare, lokacin da ake kwana biyu ana layin sabulu da madara ba a samu ba. Babana yana Kurfi, manomi ne mai ɗan kiwo. Shi ya turo ni wajen ƙanwarsa, Gwaggo, in taya ta aiki kafin sakamakon jarrabawa ya fito. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure, namijin yana makarantar kwana. Mijinta, Alhaji, fataucin hatsi yake yi, yau yana ƙauyukan Wurma gobe yana Dabawa, wani lokaci sai ya kwana can. Saboda haka yawancin yini mu biyu ne a cikin gida. A sashen waje akwai 'yan haya, wani direban tifa da ke aiki wajen madatsar ruwa da matarsa, Kiristoci ne daga kudancin Zariya. Maman Tagwaye muke ce mata. Sai kuma ƙanin Alhaji, wanda yaran gidan ke kira Baba Ƙarami, ni ma na bi su. Ya yi shekaru a Kaduna ya dawo ba mata, yana gyaran rediyo a wani ɗan shago jikin zaure.

A makaranta ni ke karanta labarai ranar taron ɗalibai. Malamai sun sha ce mani muryata ta rediyo ce, ni kuwa na ɗauki zancen na ajiye a zuciya ban faɗa wa kowa a gida ba. Na san Babana. Rediyo yana son ta, ba ya rabuwa da ita ko a gona, amma ya ji muryar ɗiyarsa tana fita daga cikinta a majalisar ƙofar gida, wannan kam a'a. Don haka sai in ina wanke-wanke nake kwaikwayon masu karanta labarai, a hankali, ina yi wa kwanoni bayanin abin da duniya ke ciki.

Wata rana na ɗaga kai sai ga Baba Ƙarami tsaye a bayana da buta. Ban san tun yaushe yake nan ba.

"Ci gaba mana," in ji shi. "Wallahi waɗanda ake biya a Kaduna ba su kai ki ba."

Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Ya ce yana da aboki a gidan rediyo, mai karanta labarai. In aka ɗauki muryata a kaset aka kai masa, magana ta ƙare. Amma fa kaset ɗin sai ya fita tas, ba carar zakara, ba kukan akuya, ba mai tallar fura. Ya ce su can ɗaki na musamman gare su wanda sauti ba ya shiga ba ya fita, kuma ya san yadda ake yin sa.

"Amma ki riƙe bakinki," ya ce. "Maganar nan in ta kai Kurfi ta mutu."

Alhaji kuwa, Baba Ƙarami ce masa ya yi zai riƙa ɗaukar wa mutane saƙon kaset, irin wanda ake aika wa 'yan'uwa da ke Ikko ko Makka. Alhaji ya ce ga ɗakin ajiya nan, kusurwa guda ba ta rage shi da komai. Gwaggo tana zaune tana tsince shinkafa. Ni na faɗa mata gaskiya daga baya, don ba na iya yi mata ɓoyo. Ta dube ni ta ce, "To," ta ci gaba da tsintarta.

Aikin ya yi mani daɗi, ba zan ɓoye ba. Baba Ƙarami ya kafa katako a kusurwa, ya buga falanki ciki da waje, ya bar rata a tsakani kamar faɗin tafin hannu. Ratar nan ni na cika ta da ƙaiƙayin gero da audugar rimi, ina zubawa yana dannawa da sanda, jikina na ta ƙaiƙayi har washegari. Ya lulluɓe ciki da buhunan algarara. Ya bi masu shayi na bakin tasha ya tattaro kwalayen ƙwai, muka jera su a bango da rufi. Ya ce gurbin ƙwan ne ke kama murya ya hana ta dawowa. Tsohuwar katifa ya buga wa ƙofa ta ciki, ya yanka tub ɗin keke tsawo-tsawo ya bi bakin ƙofar da shi. Makirufo ya sa masa safa ya rataye shi da igiya daidai bakina. Fitila ba ta shiga, don ba iska, sai tocila. Abu na ƙarshe da ya buga shi ne sakata, ta waje.

Ranar da aka gama ya ce, "Shiga ki yi ihu."

"Ihun mi, Baba?"

"Irin na wadda ta taka maciji. Da duk ƙarfinki. Ina so in gwada."

Na shiga ya rufe, na ji sakata ta shige. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A gidan Bahaushe ko ba kowa akwai motsi, kaza na tono, maƙwabta na tari, wani na sallama a nesa. Nan kuwa sai ƙarar jinina a kunne. Na yi ihun farko ina dariya. Muryar ta fita daga bakina ta mutu a gabana kamar an jefa dutse cikin auduga. Na sake yi, wannan karon ba dariya. Na yi ta yi har maƙogwarona ya yi zafi.

Da ya buɗe, awaki na kwance suna tuƙa, ko kai ba su ɗaga ba.

"Uwargida!" ya ƙwala wa Gwaggo kira. "Kin ji wani abu?"

Ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Mi zan ji?"

Ya tafa hannu yana dariya. "Ɗiyarki ta yi ihu har ta gaji."

Gwaggo ta ajiye muciya ta zo. Ta leƙa ciki, ta taɓa kwalin ƙwai, ta taɓa katifa. Sannan ta ɗora yatsa kan sakatar.

"Ƙanin miji, sakata ta waje? Akuya za ka ɗaure ko ɗiyar mutane?"

"Ke kam ba ki san aikin zamani ba. Sai an danna ƙofar daga waje robar ke kamawa. In ba haka ba duk wahalar nan banza ce."

"Awo. Mu dai a ƙauyenmu ɗakin da ba a jin ihun mutum suna guda gare shi, kuma sai da likkafani ake shiga."

"Ji bakin tsohuwa! Shi ya sa na ƙi ki, na bar wa Yaya."

"Ka ƙi ni ko ka rasa kuɗin zance?"

Suka yi dariya, ni ma na yi. Ai matar wa da ƙanin miji abokan wasa ne. Kullum haka suke, in ba su tsokani juna ba sai a tambaya ko lafiya. Duk abin da ta faɗa masa wasa ne, duk abin da ya mayar mata wasa ne. Ban lura da cewa dariyar Gwaggo ta riga tasa ƙarewa ba sai daga baya.

Washegari muka fara ɗauka. Na rubuta labarai na ƙarya a takarda, ruwan sama a wuri kaza, an buɗe asibiti a wuri kaza. Ya sa wa rediyonsa mai kaset sabon batir, ya nuna mani maɓallan da zan danna tare, ya rufe ni. Na yi gyaran murya, na yi sallama ga masu sauraro. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba sai na ji dum. Dum. Dum. Ba ta kunne ya shigo ba, ta tafin ƙafa ya hawo, ya bi ƙashina har haƙora. Makirufo ya shiga lilo a kan igiyarsa.

Da aka buɗe, ga Gwaggo ta mirgino turmi daga gindin darbejiya, inda yake tun kafin a haife ni, ta kafa shi a bakin ɗakin ajiya tana surfe.

"Haba uwargida," in ji Baba Ƙarami. "Duk faɗin gidan nan?"

"Nan ƙasa ta fi tauri."

"Shekara nawa kina daka can?"

"Sai yanzu na yi wayau."

Muka saurari kaset ɗin. Muryata na sama, turmi na ƙasa, kamar ana yi wa labarai kiɗa. Ya ce a goge.

Haka muka yi ta yi. Da zarar sakata ta shige, taɓarya ta tashi. Ya shimfiɗa bargo a ƙasan ɗakin, bai hana ba. Ya zuba yashi ya ɗora falanki, ya ɗora bargon a kai, ya rage amma bai hana ba. Bango yana tare zakara, yana tare ladan, yana tare jaki, amma turmi ta ƙasa yake bi. Muka koma ɗauka bayan azahar, lokacin da Gwaggo ke ɗan kishingiɗa. Gwaggo ta daina kishingiɗa. In lokacin salla ya same mu a ciki, sai ta shimfiɗa buzunta a bakin ƙofar, tana sallamewa ta ɗauki taɓarya.

Ita na fara zargi. Na ce ko Babana ya ji labari ya sa ta ta ɓata abin a ɓoye. Na ce ko haushi take ji don ita ba ta yi boko ba. Baba Ƙarami kuwa yana ta hura mani wuta. "Tsofaffin nan," ya kan ce, "in sun ga yaro zai wuce inda suka tsaya, sai ciwon ciki." Na daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Ta lura, sai ta riƙa ajiye mani nawa a rufe da faifai.

Wata rana na fito daga ɗakin jiƙe da gumi, raina a ɓace, na wuce ta gefen turmin zan sha ruwa. Na duba ciki. Dusa ce. Dusar awaki, wadda an riga an surfe an bakace an zubar. Gwaggon da ke zaginmu in mun yi wasa da taɓarya a turmi ba hatsi, tana cewa za mu tsaga mata shi, ita ce ta yi wunin nan tana dakan dusa, tafin hannunta duk ya yi kanta ya fashe. Na ɗaga ido ta ɗaga ido. Ta ce, "Miƙo mani tsintsiya."

Daga ranar hankalina ya rabu biyu. Wanda ke yin abu don ƙeta ba ya fasa hannunsa a kan dusa. Sai na fara tuna wasu abubuwa da na gani ban ɗauke su komai ba. Ba mu taɓa ɗauka ranar da Alhaji ke gida ba, kullum sai a ce batir ya yi sanyi. Ba wanda ya taɓa zuwa ɗaukar saƙon Makka, ko mutum ɗaya. Abokin nan na gidan rediyo, da fari mai karanta labarai ne, ran nan kuma na ji ya ce shi ke kula da injina, wata rana ya ce direban manaja ne. Ya taɓa tambayata, kamar cikin hira, ko Gwaggo na daɗewa in ta shiga wanka.

Amma duk wannan mene ne? Mutum bai taɓa ni ba, bai faɗa mani maganar banza ba. Ya kashe kuɗinsa da lokacinsa a kaina. In na ce ina tsoronsa, sai a ce me ya yi? Wa ma zan faɗa wa? Kurfi ba su san da maganar rediyo ba. Gwaggo kuwa mun yi sati ba ma hira. Kuma yanzu na gane ita ma bakinta a ɗaure yake. Alhaji shi ya goyi ƙanin nan nasa tun mutuwar iyayensu, ɗa ya ɗauke shi. In ta faɗa da dariya, a ce wasan ƙanin miji ne. In ta faɗa ba dariya, a ce ta zo raba zumunci. Abin da ya rage mata shi ne turmi.

Wani lokaci in na kwanta sai in ce ai sharri nake yi wa bawan Allah. Gari na wayewa in ga sakatar nan, sai zargin ya dawo mani sabo.

Ana nan sai aka aiko daga Kurfi mijin ƙawar Gwaggo ta ƙuruciya ya rasu. Dole ta je gaisuwa, Alhaji ya ce zai kai ta da kansa a motar hatsi. Gwaggo ta ce in shirya mu tafi tare in ga su Inna.

"A bar gida ba kowa?" in ji Baba Ƙarami. Muna tsakar gida, Alhaji na ɗaura agogo. "Wa zai ba awaki ruwa? Wa zai dafa wa gwauro abinci? Ko so kike ki dawo ki tarar na mutu, uwargida?"

"Da na huta."

Alhaji ya yi dariya. "A bar ta mana, Hajiya. Kafin magariba mun dawo."

Miji ya yanke magana a gaban ƙaninsa. Gwaggo ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta ɗebi daddawa a ɗan kwano ta nufi sashen 'yan haya, ta daɗe har Alhaji ya yi ta danna ham ɗin mota. Da za ta fita ta tsaya a gabana, ta gyara mani ɗankwali wanda bai karkace ba. "In kin gama aiki ki je wajen Maman Tagwaye ki zauna," ta ce.

Ƙarar mota na ɓacewa Baba Ƙarami ya leƙo. Ya ce abokin nan zai biyo ta Dutsin-Ma gobe da safe, in ba a ba shi kaset gobe ba sai baɗi. Yau ga gida shiru, ba turmi. Allah ne ya kawo mana.

Na ce ina da wanki. Ya ce wanki ba ya gudu. Na ce kaina na ciwo. Ya ce gefe ɗaya na kaset kawai, ai ba ya kashe mutum. Yana murmushi, yana riƙe da rediyon, ya kira ni ɗiyata. Ban san yadda ake ce wa babba a'a sau uku ba. Kuma can cikin zuciyata akwai wata da ke cewa, in fa gaskiya ne? In fa akwai abokin?

Bayan azahar na shiga. Ya danna ƙofa, sakata ta shige. Na kunna tocila, na danna maɓallai, na yi sallama ga masu sauraro. Muryata ta fita tas. Ban taɓa jin ta da kyau haka ba. Na karanta labarin ruwan sama, na shiga na asibiti. Gumi ya gangaro mani cikin ido, na ɗaga kai in goge, hasken tocila ya bi rufi.

Akwai ƙugiya a bango dab da ƙofar, ta ciki, can sama. Sabuwa fil, ƙarfenta na ƙyalli. Jiya ba ta nan. Ni na jera kwalayen wurin da hannuna, na ga inda aka yanke ɗaya don a yi mata wuri. Ta yi sama da yawa, ko na yi ɗage ba zan kai ba. Ba domina aka sa ta ba.

Na tura ƙofa, ba ta motsa ba. Na tsaya ina sauraron ƙasa da tafin ƙafata. Ba komai. Kaset na ta juyawa yana ɗaukar numfashina.

Sai na ji sakata na zamewa a hankali. Ya shigo ya jawo ƙofar, ya miƙa hannu sama ba tare da ya duba ba, ƙugiya ta faɗa gurbinta. Ɗakin na mutum ɗaya ne. Bayana ya manne da kwalayen ƙwai, na ji suna lotsewa. Warin turarensa da na man inji ya cika wurin. Ya miƙa yatsa ya kashe rediyon.

"Numfashinki ne bai daidaita ba," ya ce. Muryarsa ƙasa-ƙasa, ko da yake ya fi kowa sanin ba mai ji. "Bari in nuna maki inda ake ɗauko shi."

Ya kama hannuna mai riƙe da takarda. Na ce, "Baba." Na sake cewa, "Baba, don Allah." Ihu ya taso mani har maƙogwaro ya tsaya. Na riga na yi shi a ɗakin nan, da duk ƙarfina, shi ya sa ni, kuma na ga awaki suna tuƙa.

Dum.

Hannunsa ya tsaya.

Dum dum. Shiru. Dum.

Ba dakan Gwaggo ba ne. Nata a jere yake kamar bugun zuciya. Wannan kuwa na wanda bai saba ba ne, taɓarya na dukan gefen turmi tana zamewa. Amma kusa yake, kusa ƙwarai, har falankin ƙasa na tsalle.

"Ba ta tafi ba?" ya ce. Ba da ni yake ba.

Ya saki hannuna. Ya tsaya kamar mai lissafi. Dakan bai tsaya ba. Ya zare ƙugiya ya tura ƙofa, ƙofar ta buɗe rabi ta daki wani abu. Turmin ne. Maman Tagwaye ta mirgino shi har cikin ɗakin ajiya, ta kafa shi dab da ƙofar. Ɗaya daga cikin tagwayen na goye a bayanta, ɗayan na zaune kan buhun gero yana cin ƙuli. Ta yi gumi sharkaf.

"Sannu Malam," ta ce. "Hajiya ta ce in daka mata wannan kafin ta dawo. Ta ce a nan, wai nan ƙasa ta fi tauri."

"Aiki muke yi, Madam."

"Ku yi aikinku. Ni ma aiki aka ba ni." Ta leƙa ta bayan kafaɗarsa ta gan ni. Ba ta ajiye taɓaryar ba, ta dai sauya mata riƙo. "Ke, zo ki karɓe ni. Mu a garinmu ba haka turminmu yake ba, kafaɗata za ta cire."

Ya matsa gefe. Na bi ta ƙarƙashin hannunsa na fito. Ya ce wani abu game da batir, ya ɗauki rediyonsa ya wuce shago. Na karɓi taɓarya na kasa ɗaga ta. A cikin turmin dusa ce.

"Yi haƙuri," in ji Maman Tagwaye a hankali. "Tun da rana ta ce in zo. Yaron nan ne ya ɓata jikinsa, na tsaya wanke shi. Na makara?"

Na girgiza kai. Ta dube ni sosai, ta sake tambaya. Na ce a'a, ba ta makara ba. Sai ta zauna kan buhu ta rufe fuska da gefen zane ta ce, "Na gode wa Allah." A ɗakinta na ƙarasa yinin, tana ta ba ni ruwa.

Gwaggo ta dawo kafin magariba. Ta shiga wajen Maman Tagwaye tukuna, sannan ta shigo gida ta leƙa ɗakin ajiya. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kama hannuna ta juya shi, ta ga shatar yatsu a wuyan hannun, ta saki. Daren nan kwano ɗaya muka ci.

Da safe, Alhaji na karyawa a tsakar gida, Baba Ƙarami ya shigo gaisuwa kamar kullum. Gwaggo ta tare shi da fara'a.

"Ƙanin miji, ina son ƙofar ɗakin nan naka. Akuyata ta kusa haihuwa, garke ba ƙyaure."

"Haba uwargida, ƙofar da na sha wahala..."

"Ai kai gwanin ƙofa ne. Mai sakata ta waje, mai ƙugiya ta ciki. Ka yi wata."

Alhaji ya yi dariya har ya ƙware da koko. "Ba ta mana, kai ma. Ɗakin da ban ga ya kawo ko sisi ba."

Baba Ƙarami ya yi dariya shi ma. Ni ina bakin madafa, na ga gumi na gangarowa ta bayan kunnuwansa. Da hannunsa ya kwance ƙofar, Gwaggo na tsaye a kansa tana ba shi labarin mutanen Kurfi.

Kafin a mayar da ni gida, don ta ce wa Alhaji Inna na bukatata, Gwaggo ta aro rediyo mai kaset wajen mijin Maman Tagwaye. Ta ce in shiga ɗakin. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Ba ƙofa. Shiga." Ta zauna a bakin wurin ta miƙe ƙafa, ta ɗora taɓarya a kan cinya.

"Yau ba ni daka," ta ce. "Yi karatunki in ji abin da ake ta wahala a kai."

Na karanta. Ruwan sama, asibiti, har ƙarshe. Ana jin zakara a ciki, ana jin Gwaggo na korar kaza, muryata kuma na rawa tun daga sallama. Da na gama ta ce, "Ashe dai kin iya."

Kaset ɗin yana cikin akwatina a nan Kurfi, ƙarƙashin kayan makaranta. Ban aika ba. Ban san wanda ake aika wa ba, Baba Ƙarami kaɗai ya ce ya sani, kuma har yau ban san ko an taɓa yin abokin nan a duniya ba. Babana bai san komai ba. Da ƙaramar salla su Alhaji suka zo gaisuwa, har da Baba Ƙarami. Inna ta ce in kai wa baƙi ruwa a zaure. Na kai, na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "'Yar boko, ya gida?" Na ce lafiya lau. Kofin ya zube a tire kafin in ajiye, Babana ya ce yarinyar nan tun da ta dawo daga Dutsin-Ma hannunta ba ya riƙe abu.

Na koma cikin gida. Inna na surfen gero a gindin bishiyar bedi. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa kusa da turmin, kusa har tsaki na faɗo mani a ƙafa. Ta ce in matsa kar taɓarya ta same ni. Na ce a nan nake so.